Bizar Karatu: Amsoshin Wasiƙunku

Wani matashi ya rubuto yana cewa: "Malam, zan iya shiga Amurka da bizar ziyara, in na isa sai in nemi makaranta?"

Wa ya ba ka wannan shawarar? Bizar karatu ita ce F-1, kuma daga makaranta take farawa. Sai ta ba ka gurbi, ta aiko maka da takardar I-20 mai shaida an ba ka gurbi, ka biya dala 350 kuɗin SEVIS (rajistar ɗalibai 'yan ƙasashen waje), ka cike fom ɗin neman biza na DS-160, sannan ka nemi ranar ganawa da jami'in biza. Wanda ya ce ziyara za shi alhali karatu ne a ransa, ƙarya ya yi, kuma Amurka na iya rufe masa ƙofa har abada a kan haka.

Wata uwa ta ce: "Ɗana ya samu gurbin digiri na biyu a Ingila, amma kuɗin da ake so a gani a banki bai cika ba. Wani dillali ya ce zai haɗa mana takardar banki in mun ba shi lada. Wallahi ko barci ba na iya yi."

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri a kan wannan yaro, Ya kwantar miki da hankali. Rashin barcin nan zuciyarki ce ke gaya miki gaskiya. Kada ki ba mutumin nan ko sisi.

Abin da Birtaniya ke nema shi ne kuɗin makaranta na shekarar farko da na zama har na wata 9, kuma sai sun kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun gaza adadin ba. Ana karɓar asusun uwa ko uba idan an haɗa da shaidar haihuwa da wasiƙar amincewa. Suna kuma iya tuntuɓar bankin su tabbatar. In aka kama jabu, ana iya hana yaron biza har shekara 10. A Kanada shekara 5 ce. Sannan fom ɗin wasu ƙasashen zai tambaye shi ko an taɓa hana shi biza, ga hoton yatsunsa yana ajiye a na'ura. Shi kuwa dillali ya ci ladansa, ya sauya lambar waya, ba sunansa a kan komai.

Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Iyaye su sayar da kadara, su ci bashi, su miƙa wa wanda ba shi da komai sai daɗin baki da kwamfuta. A 2023 ɗaruruwan ɗalibai 'yan Indiya suka wayi gari da barazanar kora daga Kanada, saboda takardun gurbin da dillalai suka ba su na bogi ne. Da yawansu sun riga sun gama karatu, sun fara aiki, sai da suka nemi izinin zama na dindindin asiri ya tonu. Tun ƙarshen shekarar Kanada ke tabbatar da kowace takardar gurbi kai-tsaye daga makarantar. Duk wanda ya ce miki ya san wani a ofishin biza, ko biza tabbas ce, ki kama gabanki. Ita kanta jami'ar ba ta isa ta yi wannan alkawari ba.

Ki sa ɗanki ya rubuta wa jami'ar ya roƙi a ɗage masa gurbin zuwa baɗi. Da yawa suna yarda. Kafin nan ku tara abin da ya rage, ya kuma nemi tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wato Chevening ko Commonwealth. Jinkirin shekara 1 ya fi haramcin shekara 10 sauƙi.

Wani magidanci: "Zan iya tafiya da iyalina Ingila?"

Tun Janairun 2024, mai digiri na biyu irin na shiga aji ba ya tafiya da iyali. An bar wannan dama ga masu digiri na bincike, kamar digirin digirgir, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ka duba irin kwas ɗinka tun kafin ka biya kafin alƙalami, kuma ka zauna da maiɗakinka ku yi maganar.

Wata ɗaliba: "Da gaske karatu kyauta ne a Jamus? Aiki zai riƙe ni?"

'Yata, yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai ɗan kuɗin zango, ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 duk zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Amma ci da haya naki ne. Shi ya sa ake so ki zuba kuɗin shekara a kullallen asusu, wanda a Satumban 2024 aka kai shi Yuro 11,904, a riƙa sakar miki 992 duk wata. Aiki kuwa kwana 140 cikakku aka yarda a shekara. Zai rage miki zafi, amma kada ki ɗora lissafinki a kansa. Adadin yana sauyawa, don haka ki duba shafin ofishin jakadancin Jamus kafin ki tura kuɗi, ki kuma fara koyon Jamusanci tun yanzu.