Tambayi Likita: Me ke kai sankarar hanji zuwa hanta?

Assalamu alaikum Likita. Bara aka yi wa mahaifinmu aiki, aka cire masa ƙari a babban hanji, aka ce sankara ce. Ya warware har ya koma kasuwa. Yanzu an yi hoto an ga ƙulalai uku a hantarsa, alhali an gwada ba shi da ciwon hanta. Sabon ciwo ne? Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Likitocin da ke duba shi ne za su tabbatar, amma mafi rinjaye ba sabon ciwo ba ne, na farkon ne ya yi reshe.

Jinin da ya fito daga hanji da tumbi da saifa ba ya zarcewa zuciya kai tsaye. Wata babbar jijiya ce ke tattara shi ta juye a hanta, a tace shi tukuna. Kusan lita ɗaya da rabi na jini ke ratsa hanta a kowane minti, kuma kusan kashi uku cikin huɗu ta wannan jijiya yake shigowa. Idan ƙwayar sankara ta ɓalle daga hanji ta faɗa jini, zangonta na farko hanta ne, inda hanyoyin jini sirara ne ƙwarai, sai ta maƙale. Mai yiwuwa tun kafin a yi wa Baba aiki wasu sun riga sun isa, sun yi ƙanƙantar da hoto ba zai gan su ba.

Wannan daban yake da sankarar da ke tsirowa daga hantar kanta, wadda muka fi gani a ƙasarmu sanadin ciwon hanta nau'in B da gubar funfunar gyaɗa da masara. Maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Kada ku ɗauka an gama. Idan ƙulalan suna inda za a iya yankewa, ana cire har kashi biyu cikin uku na lafiyayyar hanta, ragowar ta sake girma. A cikin waɗanda aka yi wa wannan aiki, kusan huɗu zuwa biyar cikin goma suna raye bayan shekara biyar. Wasu kuma sai an fara ba su kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, ƙulalan sun motse kafin a shiga aikin. Ku nemi a haɗa ku da likitan tiyatar hanta a asibitin koyarwa, ku tambaye shi ƙarara: za a iya cirewa?

Likita, muna koya wa ɗalibai cewa jiki yana da sojoji masu kashe duk baƙon abu. To ina sojojin suke har sankara ke shiga hanta ta zauna? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

Malam, suna nan, kuma da yawa. A bangon ƙananan hanyoyin jinin hanta akwai ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye duk abin da ba su yarda da shi ba, ana kiransu ƙwayoyin Kupffer, sunan Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876. Mafi yawan irin waɗannan masu haɗiya da ke zaune a gaɓoɓin jiki a hanta suke. Akwai kuma wasu da ke kashewa nan take ba tare da an koya musu abokin gaba ba. Mafi yawan ƙwayoyin sankarar da suka iso, a nan suke mutuwa cikin 'yan kwanaki.

Sai dai hanta tana da wata ɗabi'a. Kullum tana karɓar baƙi: tuwo, nono, magani, da ɓurɓushin ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji. Da sojojinta za su tashi faɗa da kowane baƙo, da ba mu ci abinci lafiya ba ko sau ɗaya. Saboda haka an halicce su masu haƙuri da kawar da kai. Wannan haƙurin rahama ne, amma shi ne ƙofar da sankara ke bi.

Tun a 1889 wani likitan tiyata a Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya lura ba ko'ina take yaɗuwa ba, tana da wuraren da ta fi so. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa: iri na faɗuwa ko'ina, amma sai a ƙasar da ta karɓe shi yake tsirowa. Abin da aka gano daga baya ya fi haka ban tsoro, domin sankara ba jiran ƙasa mai kyau take yi ba, aike take yi a gyara mata gona. A 2015 masu bincike a Niyok suka nuna cewa sankarar fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, tana sakin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi cikin jini. Ƙwayoyin Kupffer su haɗiye su, sai su fara fitar da wani sinadari da ke sa hanta ta yi saƙa mai danƙo, saƙar kuma ta janyo wasu masu haɗiya daga ɓargo, waɗanda aikinsu ya koma reno da kwantar da tarzoma. Kafin ƙwayar sankara ta iso, an yi mata shimfiɗa. Da ɗan gari akan ci gari.

Haka ma fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil. Idan cuta ta shiga jiki, sukan watsa wata raga don kama ƙwayoyin cuta. A 2013 aka nuna a Kanada cewa ragar tana kama ƙwayoyin sankara ma, amma maimakon ta kashe su, sai ta riƙe su a hanta har su kafu. A jikin ɓeraye aka yi mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje, amma sun dace da abin da ake gani a marasa lafiya: wanda ciwo ya ruɓe masa ko zazzaɓi mai tsanani ya kama bayan aikin hanji, sankararsa ta fi saurin dawowa. Shi ya sa nake matsa wa dangi kan tsaftar ɗinki da saurin dawowa asibiti idan jiki ya yi zafi.

Akwai kuma ɓangaren da ke ƙarfafa gwiwa. A 2006 Jérôme Galon da abokan aikinsa a Faris suka nuna cewa idan wasu sojojin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T masu kisa sun cika cikin ƙarin hanji da gefensa, ciwon bai cika dawowa ba.

Likita, mijina sankarar hanjinsa ta kai hanta. Ana ta kawo mana tallar magungunan ƙara garkuwar jiki, wasu na gargajiya wasu na kwalba. Wata kuma ta ce a waje akwai allurar garkuwa mai warkar da sankara. Daga wata Hajiya a Kaduna.

Hajiya, sannu da jinya. Don Allah ki ajiye waɗannan kwalabe da jiƙe-jiƙe. Matsalar Alhaji ba ƙarancin sojoji ba ce, ruɗar su aka yi, kuma babu tsimin da ke warware wannan. Duk abin da ya sha ma hanta zai fara isa, ita kuwa tana fama da ƙari da kemo. Na ga waɗanda aka dakatar musu da kemo saboda jiƙo ya taɓa hanta idanu sun yi ɗorawa, kuma abin yana ci mini rai.

Allurar da aka gaya miki gaskiya ce. Sankara tana taka wa ƙwayoyin T burki, allurar kuma tana ɗage burkin. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Jafan sun sami lambar yabo ta Nobel a 2018 a kan wannan. Amma ba kowa take wa aiki ba. A sankarar hanji, tana aiki sosai ne ga nau'in da ya kasa gyara kurakuran ƙwayoyin halittarsa, ana kiransa MSI-H. A ƙasashen Turawa kusan 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda ciwonsu ya yaɗu ke da shi. A masu wannan nau'in, wani babban gwaji na 2020 ya nuna irin wannan allurar mai suna Keytruda ta riƙe ciwon wata 16 da rabi, kemo kuma wata 8. Wani bincike da aka yi da marasa lafiya a Ile-Ife, aka fitar a 2021, ya sami wannan nau'in a fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada, don haka gwajin ya cancanci a yi a nan.

Ki tambayi likitansa a yi wannan gwajin a kan tsokar da aka ɗeba tun farko, ɗakin awo yakan adana ta. Allurar tana da tsada matuƙa, kuma tana iya sa garkuwa ta juya kan hanji ko huhu. Kada ku sayar da gida ko gona kafin sakamako ya fito.

Likita, wata huɗu ke nan ina ganin jini a bayan gida. An ce basir ne, ina shan sassaƙe. Shekarata 47. Daga wani magidanci a Gombe.

Malam, yana iya zama basir, amma wata huɗu ya yi yawa a ci gaba da zato, balle idan akwai rama, ko ƙarancin jini, ko bayan gida ya sauya. Ka je asibiti cikin makon nan a duba ka da hannu, a kuma leƙa hanjin da na'ura. Sankarar da aka kama tana cikin bangon hanji, tara cikin goma na masu ita suna raye bayan shekara biyar. Allah ya sa basir ɗin ne, amma a duba.