Tambaya da Amsa: Shin Klinsmann gwanin horarwa ne, ko gwanin cin raga kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadarmu ta shan shayi da ke unguwar Zango a nan Damagaram. Wasunmu sun ce Jürgen Klinsmann yana cikin manyan masu horar da ƴan wasa da Jamus ta taɓa yi, wasu kuma sun ce sunan da ya yi a fili ne kawai yake ci, mataimakinsa ne ya yi masa aikin. Muna roƙon a ba mu tarihinsa, a kuma raba mu.
Daga wani mai karatu, Zango, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Game da wasansa dai babu abin gardama. An haifi Klinsmann a ranar 30 ga Yulin 1964 a garin Göppingen, mahaifinsa mai gidan burodi ne, shi ma sai da ya koyi sana'ar kafin ƙwallo ta ɗauke shi. Ya yi suna a VfB Stuttgart, inda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Bundesliga a kakar 1987/88, daga nan ya wuce Inter Milan ya ci Kofin UEFA a 1991, ya je Monaco ƙarƙashin Arsène Wenger, sannan Tottenham a 1994. Turawan Ingila sun tarbe shi da zargin cewa yana faɗuwa da gangan don ya yaudari alƙalin wasa, shi kuwa da ya ci ƙwallonsa ta farko sai ya yi murna da zubewa ƙasa da ciki, kafin kakar ta ƙare kuma marubutan wasanni na ƙasar suka zaɓe shi gwarzon shekara. A Bayern Munich ya ci Kofin UEFA a 1996 da Bundesliga a 1997. Ya buga wa ƙasarsa wasanni 108 ya ci ƙwallo 47, yana cikin waɗanda suka ɗauki Kofin Duniya a 1990, kuma shi ne kyaftin lokacin da Jamus ta ci Kofin Turai a 1996.

Inda magana take shi ne horarwa, kuma a nan kowane ɓangare na fadarku ya riƙe wani yanki na gaskiya. A 2004 an fitar da Jamus daga Kofin Turai tun a matakin rukuni ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba, Rudi Völler ya ajiye aiki, ga shi saura shekara biyu ƙasar ta karɓi baƙuncin Kofin Duniya. A wannan hali ne aka miƙa tawagar ga Klinsmann, mutumin da bai taɓa horar da wata ƙungiya ba, wanda kuma gidansa yake can California a Amurka. Abin da ya yi shi ne ya taɓa abubuwan da tsofaffin hukumar ƙwallon Jamus ba sa son a taɓa: ya kawo ƙwararrun motsa jiki daga Amurka, ya kawo masanin halayyar ɗan Adam, ya dogara ga matasa irin su Philipp Lahm da Bastian Schweinsteiger da Lukas Podolski, ya karɓe kyaftin daga hannun Oliver Kahn ya ba Michael Ballack, daga baya ma ya zaunar da Kahn a benci ya sa Jens Lehmann a raga. Lokacin da Italiya ta lallasa su da ci 4 da 1 a watan Maris na 2006, jaridun ƙasar sun yi masa caa, amma a gasar kanta Jamus ta kai wasan kusa da na ƙarshe da salon kai hari mai daɗin kallo, Italiyar ce dai ta fitar da ita a ƙarin lokaci a Dortmund, Jamus kuma ta ƙare ta uku bayan doke Portugal da ci 3 da 1.

Masu cewa mataimakinsa ne ya yi aikin suna nufin Joachim Löw, kuma suna da hujja, domin Löw ya riga ya ci Kofin Jamus da Stuttgart a 1997, shi ne kuma ya fi kula da tsara dabarun wasa, sannan da ya gaji kujerar ya ɗauki Kofin Duniya a 2014. Sai dai ku tuna cewa Klinsmann ne ya zaɓo shi, kuma da wuya mutum mai sanyin hali irin Löw ya iya ja da hukuma da jaridu a lokaci guda yadda Klinsmann ya yi da ƙarfin sunansa.

Abin da ya biyo baya ne ya bayyana iyakarsa. A Bayern bai cika kaka ɗaya ba, an sallame shi a Afrilun 2009 bayan Wolfsburg ta ci su 5 da 1, Barcelona kuma 4 da nema, kuma Lahm ya faɗa daga baya cewa motsa jiki ya fi yawa a atisayensu, dabarun wasa kuwa ƴan wasan ne suke tattaunawa tsakaninsu. A tawagar ƙasar Amurka, daga 2011 zuwa 2016, ya yi abin a yaba: ya ci Kofin Zinare na yankinsu a 2013, ya kuma tsallakar da su zuwa zagaye na gaba daga rukunin da ke da Jamus da Portugal da Ghana a Kofin Duniya na 2014, amma an kore shi bayan Costa Rica ta ci su 4 da nema. A Hertha Berlin kimanin makonni goma ya yi, ya sanar da murabus ɗinsa a Facebook. A Koriya ta Kudu an yi ta ƙorafin cewa ba ya zama a ƙasar, aka sallame shi a Fabrairun 2024 bayan Jordan ta fitar da su daga Kofin Asiya. A ganina, Klinsmann gwani ne wajen girgiza gidan da ya yi barci da sa wa matasa ƙwarin gwiwa, amma aikin kullum na fili, wato gyara tsayuwar ƴan baya da karanta abokin karawa, sai yana da wani a gefensa.

TAMBAYA: Malam, ina horar da yaran unguwarmu a Birni. Shin akwai ɗan wasan gaba na Jamus da ya yi fice a horarwa fiye da Klinsmann?
Daga wani mai karatu, Birni, Damagaram.

AMSA: Akwai, Malam, shi ne Jupp Heynckes. Ya ci ƙwallo 220 a Bundesliga, galibi a Borussia Mönchengladbach, yana kuma cikin tawagar da ta ci Kofin Turai a 1972 da Kofin Duniya a 1974. Bambancinsa da Klinsmann shi ne bai fara daga sama ba: ya soma a matsayin mataimakin Udo Lattek a Mönchengladbach, ya karɓi ƙungiyar a 1979, ya shafe shekara takwas yana koyon aikin a can kafin Bayern ta ɗauke shi. Ya ci Kofin Zakarun Turai da Real Madrid a 1998, bayan ƙungiyar ta yi shekara 32 tana nemansa, duk da haka aka sallame shi saboda ta ƙare ta huɗu a gasar Sifaniya. A 2013, yana da shekara 68, ya haɗa wa Bayern kofuna uku a kaka ɗaya: Bundesliga da Kofin Jamus da Kofin Zakarun Turai.