Hukuncin danna maɓallin da ba ya aiki

Tambaya: Malam, a New York nake zaune. Duk sanda zan tsallaka titi sai na danna maɓallin da ke jikin sandar danja, wani lokacin har sau uku. Abokina ya ce yawancinsu matattu ne, kuma riƙo da abin da ba sababi ba ƙaramin shirka ne. Shin na faɗa ciki?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba ka yi shirka ba.

Abokinka bai yi ƙarya kan maɓallan ba. A 2004 jaridar New York Times ta ruwaito cewa cikin guda 3,250 na birnin, sama da 2,500 ba sa aiki, domin kwamfuta ke juya fitilun, kuma cire su sai an kashe kuɗi. Ƙa'idar ce ya sauke ba a muhallinta ba. Malamai suna kawo ta a kan laya, guru da kambu, wato abin da shari'a ba ta sanya shi sababi ba, ido ma bai ga alaƙarsa da biyan buƙata ba, amma zuciya ta rataya da shi. Kai kuwa waya ka zata tana tafiya daga maɓalli zuwa fitila. Wanda ya murɗa famfo bai san an ɗauke ruwa ba, kuskuren sani ya yi, aƙidarsa lafiya lau. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Dannawa ta biyu da ta uku ce na fi so ka lura da ita. Ɗan Adam yana son jin cewa ragama na hannunsa. A 1975 masaniyar halayyar ɗan Adam Ellen Langer ta nuna cewa waɗanda suka zaɓi tikitin caca da hannunsu sun fi tsauwala masa kuɗi da aka nemi su sayar, alhali sa'ar kowa ɗaya ce (caca dai haramun ce, misali kawai na ɗauko). Ta wannan ƙofa camfi yake shigowa. In sabo ne ke kai yatsanka, babu laifi. Amma ranar da ka ji cewa in ba ka cika uku ba mota za ta buge ka, to ka bari nan take, ka nemi gafara.

Wallahu a'alamu.