Amsa: Me ya sa ba sa watsewa bayan an tashi wasa?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke tsayar da 'yan wasan makarantar sojan ƙasa ta West Point da ta sojan ruwa ta Annapolis, duka a Amurka, a fili bayan an busa tashi. Ka lura, ƙwallon Amurka ne da ake kira American football, kuma tun 1890 suke karawa.

Ƙungiyoyin biyu kan jeru tukuna gaban ɗaliban makarantar da aka doke, a rera taken makarantarsu, sannan a tsallaka a rera na masu nasara. Shi ya sa kowa burinsa ya rera a ƙarshe. Sojan ƙasa sun sha ɗacin rerawa da farko shekara 14 a jere, daga 2002 zuwa 2015, sai a 2016 suka fanshe da ci 21 da 17.