Tambayoyinku Kan Kwamfuta: Nauyin Na'ura, Gigahaz Da Gardamar Linux

Yawancin tambayoyin wannan fitowa sun yi tarayya a abu ɗaya, wato mai tambaya ya faɗa tsakanin masu sha'awar kwamfuta da ke jayayya, kowannensu da hujjarsa, ya rasa wanda zai bi. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka da na daɗe ina aiki da ita. Furosesarta Core i5 ce, tana da RAM na gigabayit 4 da faifan ajiya mai juyawa na gigabayit 500. Yanzu idan na kunna ta sai na yi ta jira kafin ta tashi, kuma da zarar na buɗe shafuka kaɗan a burauza sai ta sandare. Wasu abokaina sun ce in ƙara RAM, wasu sun ce in sa SSD, wani kuma ya ce in haƙura da ita in sayi sabuwa. Wa zan bi? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka bi kowa daga cikinsu, ka bari kwamfutar ta nuna maka inda matsalar take. Idan Windows ce a kanta, ka danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, a daidai lokacin da ta fara nauyi, manhajar Task Manager za ta buɗe. A nan za ka ga yawan aikin da furosesa da RAM da faifan ajiya ke yi, kowanne da kasonsa cikin ɗari. Abin da aka fi gani a irin na'urarka shi ne furosesa tana kashi 10 ko 20, faifan ajiya kuwa ya maƙale a kashi 100 ya ƙi saukowa, kuma idan ka kasa kunne kusa da allon madannai za ka ji ɗan ƙas-ƙas ɗinsa ba ya tsayawa. Idan haka ka gani, furosesarka lafiyarta ƙalau, jira kawai take yi a kawo mata bayanan da za ta sarrafa.

Dalilin jiran yana cikin ƙirar faifan. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a kwamfutocin tafi-da-gidanka, sau 7,200 a na tebur, da wani siririn hannu da ke kai-komo a kansa yana karanta bayanai. Duk fayil ɗin da aka nema, sai hannun ya je wurinsa kuma ya jira farantin ya juyo da shi, abin da kan ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Wannan lokaci ƙanƙani ne idan fayil ɗaya ake nema, amma babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kamar Windows, tana neman dubban ƙananan fayiloli a duk lokacin da take tashi, shi ya sa jiran yake taruwa har ya zama mintoci. SSD kuwa, wanda shi ma ma'ajiyar bayanai ce da ke maye gurbin faifai mai juyawa, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma yana isa ga bayani cikin lokacin da ya gaza na faifai mai juyawa kusan sau ɗari. Wajen kwafar manyan fayiloli ma, faifai mai juyawa yana kai wajen megabayit 100 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA yana kai kusan 550, nau'in NVMe kuwa yana haura 3,000.

Masu cewa ka ƙara RAM su ma suna da gaskiya. RAM kamar teburin aiki ne, faifan ajiya kuma kabad ɗin da ake adana takardu. Idan teburin ya cika, dole a riƙa mayar da wasu takardun cikin kabad ana sake ɗauko su. Haka Windows take yi idan RAM ya cika, tana sauke wani ɓangare na abin da ke cikinsa a kan faifan ajiya, kuma idan faifan mai jinkiri ne, matsala biyu ce ta haɗu wuri ɗaya. Gigabayit 4 ya yi kaɗan ga burauzar zamani, domin shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 take karɓa kafin ma a buɗe wata manhaja. Shawarata ita ce ka fara da SSD, domin shi ne canjin da za ka ji a jikinka tun daga kunnawar farko, sannan ka ɗaga RAM zuwa gigabayit 8 idan hali ya samu.

Sai dai ka yi hattara kafin ka sayi komai. RAM iri-iri ne, akwai DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma kowanne an yi masa tsaga a wuri daban a gefen da ke shiga mazauninsa, don haka wani ba ya shiga gurbin wani. Wasu siraran kwamfutocin ma an liƙe musu RAM a jikin babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kansa, ba ya cirewa balle a ƙara. Shi ma SSD akwai mai faɗin inci 2.5 da ke maye gurbin tsohon faifai kai tsaye, akwai kuma siriri da ake kira M.2. Ka duba lambar samfurin kwamfutarka a shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka tabbatar da abin da take karɓa. Idan an buɗe ta, a share ƙurar da ta toshe fanka, a kuma sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, domin furosesa tana rage gudunta da kanta idan zafinta ya doshi digiri 100 a ma'aunin Selsiyos. Abokinka na uku zai yi gaskiya ne kawai idan babban allon ya lalace, ko kuma aikinka ya koma irin mai nauyi, kamar tace bidiyo.

TAMBAYA: Malam, na sayi faifan ajiya da aka rubuta terabayit 1 a jikinsa, amma da na jona shi sai kwamfuta ta nuna gigabayit 931 kawai. Shin an cuce ni ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ba a cuce ki ba, Malama, kuma babu abin da ya ɓace daga faifan. Masu ƙera faifai suna lissafi da dubu-dubu, wato a wurinsu terabayit ɗaya bayit 1,000,000,000,000 ne cif. Windows kuwa tana lissafi da 1,024, domin kwamfuta da ninkin biyu take ƙirga, saboda haka gigabayit ɗaya a wurinta bayit 1,073,741,824 ne. Idan kika raba adadin farko da na biyu, za ki samu 931 da 'yan kai. Da wannan lissafin ne faifan gigabayit 500 yake bayyana a matsayin kusan 465. Abin da ya kamata ki yi zargi a kai shi ne ƙaramin filash mai araha da aka rubuta wa girma na ban mamaki, domin akan samu na jabu da aka saita su nuna girman da ba su da shi, kuma ba a ganewa sai an cika su da fayiloli an zo buɗewa an tarar sun lalace.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni da abokin aikina mun yi gardama. Kwamfutarsa tsohuwa ce amma gudun furosesarta gigahaz 3.4 ne, tawa sabuwa ce mai gigahaz 2.4. Ya dage cewa tasa ta fi sauri tunda lambarta ta fi girma. Haka ne? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Ba lallai ba ne, kuma a mafi yawan lokuta taka ce za ta yi gaba. Gigahaz yana nuna yawan bugun da furosesa ke yi a daƙiƙa ɗaya, gigahaz ɗaya kuwa bugu biliyan ɗaya ne, amma ba ya faɗin yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu. Tarihin kamfanin Intel ya isa misali. A shekarar 2004 furosesarsu ta Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8, amma zafin da take fitarwa da wutar da take ci sun yi yawa, har kamfanin ya fasa fitar da mai gigahaz 4 da ya yi niyya. A 2006 suka fito da Core 2 Duo, wadda samfurinta mai gigahaz 2.4 ya yi wa waccan fintinkau a yawancin ayyuka, alhali ba ta cin wuta kamarta. Tun daga lokacin masu ƙira suka karkata ga ƙara yawan cibiyoyin sarrafawa a cikin furosesa ɗaya da inganta aikin kowane bugu.

Saboda haka kwatanta gigahaz yana da ma'ana ne kawai tsakanin furosesoshin da suka fito daga zuriya ɗaya. Ko sunan Core i7 da mutane ke alfahari da shi ba ya wadatarwa, domin sabuwar Core i3 tana iya wuce Core i7 da ta girme ta da shekaru masu yawa. A yawancin furosesoshin Intel Core, lambar da ke biye da sunan ita ke nuna zuriyar, misali i5-8250U ta zuriya ta 8 ce. Ku haɗa kwamfutocin biyu, ku ba su aiki iri ɗaya, kamar matse babban fayil ko sauya tsarin bidiyo, ku duba agogo.

TAMBAYA: Malam, kwamfutata tana aiki lafiya amma ta ƙi karɓar Windows 11, kuma na ji an daina kula da Windows 10. Wani masani ya ce in koma Linux, yana maganarta da zafi kamar wata aƙida. Mece ce Linux, me ya sa masu ita suke ƙaunarta haka, kuma za ta yi mini? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Abin da kika ji gaskiya ne, Malama. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ko da yake ya buɗe wani shiri na tsawaita gyare-gyaren tsaro ga ɗaiɗaikun mutane zuwa Oktoban 2026. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma duk wata kafar da masu kutse suka gano bayan tallafi ya yanke za ta zauna a buɗe. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesa wadda ba ta tsufa sosai ba, galibi daga zuriya ta 8 ta Intel ko Ryzen 2000 ta AMD zuwa sama. Wannan sharaɗi ya bar na'urori masu yawa a baya alhali ƙarfinsu bai ƙare ba, kuma a ganina asara ce babba a jefar da kwamfuta mai lafiya saboda wannan kaɗai.

Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Game da zafin da masaninki ke yi, yana da tushe a tarihi. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, da manufar samar da manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, da duba yadda aka rubuta ta, da gyara ta, da raba ta ga wasu. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan babbar manhaja, ya sake shi ga jama'a, masu shirya manhaja daga ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙara masa gyara. Haɗuwar waɗannan ayyuka biyu ita ce abin da yawancin mutane ke kira Linux a yau. Wanda ya taɓa gano kuskure a manhaja, ya gyara da hannunsa, ya ga gyaran ya isa ga mutanen da bai taɓa gani ba, dole ya ji cewa abin nasa ne, kuma ina ganin wannan ƙauna ta cancanci girmamawa. Aikin kuma ya wuce sha'awa tuntuni, domin wayoyin Android a kan ƙashin bayan Linux aka gina su, kuma tun daga ƙarshen 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya da ita suke aiki.

Ko za ta yi miki, wannan ya danganta da aikinki. Idan rubutu ne da shirya darasi da shiga intanet da kallon bidiyo, za ta ishe ki, kuma takan fi Windows sauƙi a kan tsohuwar na'ura. Cikin nau'o'in Linux, Linux Mint da Ubuntu su ne na fi ba sabon shiga shawara a kansu, na farkon ma tsarin fuskarsa ya yi kusa da abin da kika saba. Akwai burauzar Firefox da Chrome, akwai kuma LibreOffice da ke buɗe fayilolin Word da Excel, sai dai takarda mai tsari mai sarƙaƙiya takan ɗan sauya kama idan aka buɗe ta a can. Inda za ki gamu da cikas shi ne idan kin dogara da Photoshop, ko Microsoft Office da ake girkawa a kan kwamfuta, ko wata manhaja ta musamman da wurin aikinki ya tilasta, domin ba a yi su don Linux ba. Masu ƙaunarta sukan tsallake wannan bayani, kuma bai kamata a ɓoye shi ga wanda zai dogara da na'urar wajen neman abincinsa ba.

Gani ya kori ji, kuma Linux tana ba da damar gwaji ba tare da an taɓa Windows ɗin da ke kan faifai ba. Ki sa a ɗora miki Linux Mint a kan filash mai gigabayit 8, ki tayar da kwamfutar daga kansa, ki gwada ko intanet mara waya da sauti da kyamara da firinta suna aiki, ki kuma buɗe wasu daga cikin takardunki ki ga yadda suka fito. Za ta ɗan yi nauyi daga kan filash, kada wannan ya sa ki yanke mata hukunci. Idan kin gamsu kin yanke shawarar girka ta, ki fara kwashe hotunanki da takardunki zuwa wani faifai na daban, ki buɗe su a can ki tabbatar sun kwafu daidai, domin zaɓin da ke share faifai gaba ɗaya yayin girkawa ba ya barin komai.