Ku Tambayi Baba: Masu Kwana a Barandar Shago

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni yaron shago ne a bakin Kantin Kwari. Duk ranar da na yi sammako nakan tarar da mutane kwance a barandarmu a kan kwali, wasu sa'o'ina, wasu sun haife ni. Maigidana ya ce in riƙa watsa ruwa a wurin kafin mu tashi da yamma don kada su sami wajen shimfiɗa, wai duk 'yan ƙwaya ne da cima-zaune. Hankalina bai kwanta da hakan ba. Me ke sa mutum da ƙarfinsa ya rasa wurin kwana? Me kuma ya hana gwamnati ta kwashe su? (Wani matashi daga Fagge, Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka watsa ruwan nan.

Gobe ka dubi fuskokinsu da kyau. Ina kyautata zaton za ka gane wanda ya ɗauko maka dilar atamfa jiya da rana. Da yawa daga masu kwana a bakin kasuwa masu sana'a ne: 'yan dako, 'yan baro, 'yan ga-ruwa, masu yankan farce, waɗanda suka zo ci-rani daga ƙauyukan Jigawa, Katsina, har Damagaram. Ɗan dako kullum yake samun kuɗinsa, kullum yake cinye rabi. Mai gidan haya kuwa kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga la'adar dillali, ga neman wanda zai tsaya maka. Ɗakin da aljihunsa zai iya ɗauka yana can ƙarshen Rimin Kebe ko bayan Dorayi, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa sai ya lashe abin da zai aika wa iyali. Sai ya ajiye jakarsa wajen mai shayi, ya biya gidan wanka, ya shimfiɗa kwali kusa da inda aiki yake. Wannan yana da gida. Damina na faɗuwa ba za ka ƙara ganinsa ba.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne wanda ba shi da inda zai koma. Boko Haram ta tayar da garuruwan Borno da Yobe. Gwamnatin Borno ta sa ƙarshen 2021 ya zama wa'adin rufe sansanonin gudun hijira na Maiduguri, alhali ba kowa ne garinsu ya zaunu ba. Ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta cinye unguwanni a birnin. A Zamfara, Katsina da gabashin Sakkwato 'yan bindiga ne ke tashin ƙauye, kuma mafi yawan mutanen can ba su ma ga sansani ba. Wasu sun tsallaka Maraɗi, wasu sun tare a kangayen da ba a gama ginawa ba, mai kango na dawowa da birkila ya ce su fita.

Masu taɓin hankali da 'yan shaye-shaye suna nan, ban musa wa maigidanka ba. Sai dai a tambayi wanne ya riga wanne. Yaron da ya kwana a titi cikin muku-mukun sanyi, ba bargo, ba mai tsawata masa, ba wuya wani ya miƙa masa abin da zai sa barci ya ɗauke shi.

Amma fa talauci ba yau ya zo Kano ba, ci-rani ma haka. Abin da ya canza, mu ne. Gidan da na tashi a cikin gari soro biyu gare shi, kuma ban taɓa sanin na farkon ba kowa a ciki da dare ba: baƙon da mota ta yi wa dare, almajirin da ke ɗebo mana ruwa, wani tsoho mai gyaran takalmi da ya zauna har mutuwarsa ba wanda ya ce masa kobo. Tuwon dare kwano uku ake fitarwa, ba a tambayar na wa. Haka Bahaushe ya yi ko'ina ya je. A Zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan, fatake masu goro da shanu gidan fatoma suke sauka, ya ba su ɗaki, ya tsaya musu a ciniki. Baƙonka annabinka, in ji mutanen da.

Yau ina soron? An fasa bangonsa ta waje an sa ƙofar ƙarfe, ya zama shagon caji ko kemis. Sababbin gidaje kuwa katanga ce da get da maigadi. Masallaci ana idar da Isha ladan zai sa kwaɗo, saboda ɓarayin batir da amfilifaya. Bayan harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu 2012, tsoron baƙo ya shiga zukata, kowa na gudun a ce a gidansa aka sauki wani. Ban ga laifin mai tsoro ba. Laifinmu shi ne mun rufe soro ba mu buɗe komai a madadinsa ba.

Ka ce gwamnati ta kwashe su. Ta kai su ina? An sha gwadawa. A Fabrairun 2020 gwamnatin Ganduje ta hana bara a titi. Da korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A Oktoban 2024 ministan Abuja, Wike, ya sa a kama mabarata a birnin. Kame kan share titi na mako biyu, sannan mutum ya dawo, domin abin da ya koro shi daga gida yana nan. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 16, ya ce a samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni, sai dai sashe na 6 ya hana a kai ƙara kotu a kan babin da sashe na 16 yake ciki. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, to ɗan dako ina albashinsa? Gidan gajiyayyu na Shahuci da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau suna aiki, amma ba a gina su don Kano ta yau ba.

Mu ma da muke sadaka, abinci muka iya. Da azumi kunu da ƙosai har su yi yawa. Amma aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin masu cin zakka, kuma a masallacin Manzon Allah (SAW) akwai rumfar Ahlus Suffa, inda marasa gida irin su Abu Huraira suke kwana. Ina jiran attajirin Kwari da zai fasa gina masallaci na uku a layi ɗaya, ya yi wakafin ɗakunan kwana da banɗaki kusa da kasuwa.

Shi kuwa maigidanka, tsoronsa sata ne da gobara, kuma wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ba zai raina wannan tsoro ba. Ka same shi cikin ladabi ka ce a san sunayensu da garuruwansu, a sa babbansu ya tsaya musu: ba taba, ba hura wuta, su share wurin su tashi kafin a buɗe. Ka nuna masa cewa ɓarawo ba ya son ƙofar da mutum biyar ke kwance a bakinta. In ya ƙi, shagonsa ne, amma ka roƙe shi ya ɗauke maka watsa ruwan.

TAMBAYA: Baba, mijina ya rasu wata biyu da suka wuce, ya bar ni da yara huɗu. Ƙannensa sun kawo dillali ya duba gidan, sun ce in koma gidanmu, alhali iyayena sun rasu. Ina zan sa kaina? (Wata baiwar Allah daga Gusau)

AMSA: Allah ya jiƙansa, 'yata, ya ba ki haƙuri. Kada ki fita. A mazhabar Malikiyya, in gidan mallakin mamacin ne, a cikinsa za ki yi takabarki, wata huɗu da kwana goma. Bayan haka kina da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma in akwai namiji cikin 'ya'yansa, ƙannensa ba su da gado ko kaɗan. Ki adana takardun gidan a hannun wanda kika amince da shi, ki sanar da mai unguwa da limamin unguwarku a wannan makon. In suka sake kawo dillali, ki kai maganar kotun shari'a, ki nemi alƙali ya hana sayarwa har a raba gado a gabansa.