Daga Manchester zuwa Zariya da yara uku: wane katin makin jirgi za ka riƙe?

Wani ɗan uwanmu ɗan Tudun Wada da ke aikin jinya a Manchester ya turo min tambaya, ya ce shi da maiɗakinsa da yara uku duk shekara sai sun zo gida, wani lokacin kuma ya aiko wa Hajiyarsa tikiti ta je ta gano jikoki, kuɗin jirgi na cin su sosai amma har yau ko maki ɗaya bai taɓa tarawa ba, wane kamfani ya kamata ya yi rajista da shi?

Toh ɗan uwa, kafin maganar kati sai mun fara da inda za ku sauka. Zariya dai ka sani filin jirginmu na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne, ba jirgin fasinja da zai sauke ka a nan, don haka ko Kano ko Abuja. In Kano ce kafin yara su gama barcin gajiya a mota kun wuce Kwanar Dangora kun shigo Kwangila. In Abuja ce kuwa sai ka lissafa Zuba, Tafa, Kateri, Kaduna, Jaji, ko ku bi jirgin ƙasa zuwa Rigasa da akwatuna goma da yara uku, in kuma jirginku da yamma ya sauka wallahi ban yarda ka ɗauki iyali ka hau wannan hanyar da dare ba, kwanan otel ya kama ka kenan. Duk makin da za a ba ka a tafiya ɗaya ba lallai ya biya kuɗin otel ɗin da motar ba. Shi ya sa nake cewa maki gyara ne, ba wanda ke sayen buhun masara da tsada don kawai mai awo zai ƙara masa ɗan hannu. Tikitin da ya fi sauƙi ya kuma fi kawo ku kusa da gida shi za ka saya, maki ya biyo baya.

Kamfanonin jirgi a ƙungiya-ƙungiya suke, manya guda 3. Star Alliance akwai Ethiopian, EgyptAir, Turkish da Lufthansa. Oneworld akwai British Airways da Qatar Airways. SkyTeam akwai Air France, KLM da Saudia. Amfanin sanin wannan shi ne kati ɗaya na aiki a duk ƙungiyar, in kana da lambar Miles&Smiles, wato katin makin Turkish, kuma ka hau Ethiopian, lambar Turkish ɗin za ka bayar makin ya faɗa can. Inda mutanenmu ke tafka asara shi ne bana su buɗe wannan baɗi su buɗe wancan, kowanne da ɗan abin da bai isa sayen komai ba har wa'adinsa ya cika ya mutu. Emirates ita ba ta cikin kowace ƙungiya, kuma da ta dawo Najeriya a Oktoban 2024 Legas ta dawo, ba ta yi wa ɗan Zariya kusa ba.

A naka yanayin ni Avios zan zaɓa maka. Shi ne makin British Airways, kuma tun 2022 Qatar ma shi take amfani da shi, kana iya haɗa asusun biyu ka riƙa tura makin daga wannan zuwa wancan ɗaya bisa ɗaya ba ragi. Qatar na tashi daga Manchester, a 2022 ɗin nan kuma ta fara zuwa Kano ban da Abuja da take zuwa, ita kuma British Airways tana da Heathrow na Landan zuwa Abuja kai tsaye, kaga hanya biyu kenan suna zuba maka a wuri ɗaya. Amma abin da ya fi ja na shi ne asusun gida. Ka sani maki na wanda ya zauna a kujera ne ba na wanda ya biya ba, wato duk shekarun nan tikiti biyar kake biya, ko da kana da kati naka kaɗai za a ba ka, na maiɗaki da na yara sun tafi a iska. British Airways ta yarda mutum har 7 da ke zaune a adireshi ɗaya su haɗa makinsu, kuma ta nan ne yara 'yan ƙasa da 18 ke samun lambarsu. Hajiya ba za ta shiga ba tunda a Tudun Wada take, amma akwai wani jeri daban na 'yan uwa da abokai har mutum 5 da za ka iya yanka wa tikiti da makin gidan, sa sunanta a nan tun ranar da ka buɗe.

Sannan Avios ba ya mutuwa sai an yi wata 36 ba abin da ya shiga ba abin da ya fita. Na Lufthansa da na Turkish kuwa in ba ka da wani matsayi a wurinsu, shekara 3 makin ke yi ya ƙone ko kana ta tafiya. Ga mai zuwa gida sau ɗaya a shekara wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Za ka ji ana ta tallar katin bashi na banki mai ba da maki, ni ba na tura kowa can saboda maganar kuɗin ruwa, in kana cefane a Sainsbury's makin Nectar ɗinka ana juya shi ya koma Avios, wannan kaɗai ya isa asusun ya zauna da rai.

Duk da haka ka buɗe na Star Alliance guda ɗaya ka ajiye, kyauta ne, don Ethiopian da EgyptAir duk suna sauka Kano kuma akwai shekarar da za ka ga sun fi kowa araha nesa ba kusa ba. Ran da hakan ta faru ka hau abinka kar ka ce ai ni ɗan Avios ne. Bambancin fam 100 a tikiti ɗaya fam 500 ne a gidanka.

Maganar Silba da Gwal, wato matsayin da kamfani ke ba masu yawan tafiya, da shiga falon manyan baƙi, ka cire ta a ranka. Tun Afrilun 2025 British Airways da kuɗin da ka kashe take auna matsayi, Silba na neman maki 7,500 na matsayi, kusan fam ɗaya maki ɗaya kuma ban da harajin gwamnati, kuma shi wannan ba a haɗa na gida, kowa nasa. Zuwa ɗaya ko biyu a kujerar talakawa ba zai kai ka ba. Abin da za ka sa wa ido shi ne kaya, ka tabbatar tikitin na akwati biyu ne mai kilo 23 kowanne, don yanzu akwai tikiti masu arha da akwati ɗaya ne ko ma babu, sai a wajen awo ka ga an caje ka abin da ya fi ragin da ka samu, ga tsarabar dangi ba ta raguwa.

In makin ya taru kuma, kar ka sa rai da kujera biyar kyauta a watan Agusta ko Disamba lokacin da kowa ke tahowa. British Airways na buɗe kujerun maki kwana 355 kafin tashi, ta kuma yi alkawarin akalla 8 a ɓangaren talakawa a kowane jirgi, amma na lokacin hutun makaranta nan da nan ake wawashe su, kai kuma ba ka isa ka ja yara a tsakiyar zango ba, tun Agustan 2024 tarar fashin makaranta a Ingila fam 80 ce kan kowane yaro ga kowane mahaifi, ta koma 160 in an wuce kwana 21 ba a biya ba. Na san kana so su ga hawan sallah a ƙofar fada, amma sallah na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, ba kullum za ta dace da hutunsu ba. Inda makin zai fi maka amfani shi ne tikitin Hajiya, kujera ɗaya ce kuma ita ba ruwanta da kalandar makaranta, sai ka zaɓar mata lokacin da ba cunkoso. Ka dai sani ko da maki sai ka biya haraji da cajin kamfani da kuɗi, don haka kullum ka kwatanta da farashin tikitin tsaba kafin ka danna.

Yanzu takardu, don Allah nan ka nutsu. Sunan da ke kan katin maki dole ya zama harafi da harafi irin na fasfo. In fasfo Mohammed ne kar ka rubuta Muhammad, in maiɗaki a fasfo sunan mahaifinta take amfani da shi kar ka sa mata naka, in ba haka ba na'ura ba za ta gane mutum ɗaya ba ne makin ya ƙi shiga. In ta hannun ejan kake yankan tikiti ka tura masa lambar kowa ka ce ya sa, ka kuma duba da idonka a takardar shiga jirgi lambar ta fito. Ka adana takardun nan har makin ya shiga, in bai shiga ba ana neman sa daga baya amma akwai wa'adi. Wannan na nufin in tafiyarku ta ƙarshe ba ta fi 'yan watanni ba ka gwada nema yau ɗin nan.

Abu na biyu, fasfon Najeriya na cikin waɗanda ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya irin su Faransa da Jamus, ke nema wa bizar yada zango ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba. Mai takardar zaman Amurka ko Kanada an yafe masa, amma takardar zaman Ingila ta fita daga wannan jerin na bai ɗaya tun da Birtaniya ta bar Tarayyar Turai, don haka kafin ka yanki tikitin da zai bi ta Faris ko Frankfurt, musamman wa Hajiya da za ta taho ita kaɗai, ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar. Doha, Alkahira, Addis Ababa da Istanbul ba wannan ciwon kan matuƙar a cikin filin jirgi za a zauna a tikiti ɗaya. Kuma tunda katin BRP, wato katin izinin zama a Birtaniya, ya ƙare a ƙarshen 2024 an koma bizar intanet, duk wanda aka sabunta wa fasfo a gidan, har ƙaramin cikinsu, ka shiga asusunsa na UKVI, hukumar biza ta Birtaniya, ka sa sabuwar lambar kafin ranar tafiya, don da ita kamfanin jirgi zai duba ku a Kano ranar komawa.

A gaida maiɗaki da yara, Allah ya kawo ku lafiya.